Faranta haƙora a wani asibiti a Jidda: sharhi domin mai ciko, mai hula da mai haƙorin Makka

Duk wanda yake zaune a Jidda ya saba ganin tallan asibitocin haƙori a allunan da ke bakin manyan tituna irin su Tahliya da Falasɗin, da kuma a Snapchat da Instagram, musamman idan Sallah ta ƙarato ko lokacin rangwamen Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba. Abin da aka fi tallatawa shi ne faranta haƙora a zama ɗaya, kuma hoton da ake nunawa kusan kullum na matashi ne ko matashiya masu lafiyayyun haƙora waɗanda likita bai taɓa huda ko ɗaya daga cikinsu ba. Bakunan da yawa daga cikinmu da muka manyanta kuwa sun riga sun sha gyara. Akwai mai farin ciko a haƙoran gaba, akwai mai cikon azurfa a turame, akwai wanda aka ɗora wa hular tangaran, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, bayan an cire masa jijiya, ga kuma iyayenmu mata da ke ɗauke da haƙorin Makka tun hajjinsu na fari. Na rubuta wannan sharhi ne a kan aikin faranta haƙora da aka yi mini a wani asibitin haƙori mai zaman kansa da ke tsakiyar Jidda, kuma abin da na auna asibitin da shi shi ne yadda ya bi da waɗannan kayan gyara da ke cikin baki, domin a kansu ne mutum yake cin riba ko ya tafka asara.

Wurin yana da tsabta, kayan aiki suna zuwa a naɗe cikin leda ana buɗe su a gaban mutum, kuma likitocin suna da rajista da hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya. Likitar da ta duba ni Bahaushiyar Sudan ce, daga wajen Mai Wurno, kuma wannan ya yi mini amfani ƙwarai, domin bayanin da ya shafi siminti da sinadari ba abu ne da mutum zai so ya ji rabi ya rasa rabi ba. A teburin karɓar baƙi an riga an rubuta mini zaman faranta haƙora na wannan daren, amma da ta sa na buɗe baki sai ta ajiye takardar gefe, ta ce ba za a sa mini magani ba sai an ɗauki hoton haƙoran kuma ta bi kowane ciko ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗauko wani ɗan allo mai jere da ƙananan haƙoran tangaran guda 16, kowanne da lambarsa daga A1 zuwa D4, wanda likitoci suke auna launin haƙori da shi. Ta kashe fitilar da ke saman kujera domin haskenta yana rikita ido, ta riƙa kanga haƙoran allon kusa da nawa har ta tsaya a kan A3. Daga nan ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ta bi gefen farin cikon da ke tsakanin haƙorana biyu na gaba, sai bakin ƙarfen ya maƙale a wani wuri kusa da dasashi. Ta miƙo mini madubi ta nuna mini wani siririn layi mai ruwan ƙasa a daidai inda ciko ya haɗu da haƙori. Ta ce: "Malam, ka ga nan? Cikon ya fara rabuwa da haƙorin. Idan na sa magani a haka, ta wannan tsagar zai bi ya gangara wajen jijiya, kuma zogin da za ka sha ba na wasa ba ne." A wannan zaman ta toshe tsagar, ta kuma faɗa mini tun kafin na biya ko riyal ɗaya cewa cikon nan biyu za su fita dabam bayan an gama, kuma sai an sake su.

Dalilin haka yana cikin yadda maganin yake aiki. Kusan duk abin da ake faranta haƙori da shi da gaske, ko a asibiti ko a gida, sinadarin haidurojin feroksaid ne, ko kuma ɗan'uwansa kabamaid feroksaid, wanda idan ya haɗu da yawu yake rabuwa ya ba da haidurojin feroksaid da yuriya. Kabamaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana ba da kimanin kashi 3.5 na haidurojin feroksaid, yana kuma sakinsa a hankali cikin awoyi, shi ya sa ake kwana da shi a baki. Wasu likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, su suka bayyana wannan hanya ta kwana da gidan roba, wato abin da ake ƙerawa daidai haƙoran mutum a ɗiga magani a ciki, a shekarar 1989, kuma har yau ita ce aka fi yin bincike a kanta. Wanda ake shafawa a asibiti kuwa yakan kai kashi 25 zuwa 40, shi ya sa sai an rufe dasashi kafin a sa shi. Sinadarin yana ratsa ɓawon haƙori ya shiga naman da ke ƙarƙashinsa, ya farfasa ƙwayoyin launin da shayi da gahawa da goro da shekaru suka tara. Ciko da hula kuwa launinsu tun daga masana'anta aka gauraya shi a jikinsu, don haka abin da maganin zai iya yi musu bai wuce ya ɗauke dattin da ya kwanta a samansu ba. Misalinsa kamar farar riga ce da ta dafe aka yi mata faci da ƙyallen da ya dace da dafewarta: ranar da aka wanke ta fes, facin ne zai fara tsone ido.

Farin ciko, wanda likitoci suke kira kwamfozit, roba ce da aka cakuɗa da garin gilashi, ana danna ta a kogon haƙori a haska mata shuɗiyar fitila ta daskare. Bincike da dama da aka yi a ɗakunan gwaji sun nuna cewa feroksaid yana iya rage santsin samansa ya kuma ɗan sassauta taurinsa, musamman idan maganin mai ƙarfi ne ko an daɗe ana sa shi, kuma ciko idan ya yi kaushi ya fi saurin kama launin shayi da tara datti. Wannan illar ba ta da girma, gogewa a asibiti takan gyara ta. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta manne sabon ciko. Bayan an faranta haƙori, akwai iskar oksijin da take saura a cikin jikinsa na wasu kwanaki, ita kuwa oksijin tana hana robar ciko da gam ɗinta daskarewa yadda ya kamata. Idan aka yi gaggawar yin sabon ciko ko aka manna tangaran a wannan lokaci, riƙon yakan yi rauni, gefensa ya buɗe da wuri. Shi ya sa ake jira mako biyu, wasu likitocin ma har uku, kafin a manna komai. Jiran yana da wani amfani na biyu, domin haƙori yakan bushe yayin aikin ya yi fari fiye da gaskiyarsa, sai ya sha ruwa launinsa na ainihi yake zama, kuma da wannan launin ne ya kamata a zaɓi sabon ciko. Na tambayi likitar ko akwai dabara ga mai sauri, kamar ango ko mai shirin komawa gida, ta ce ana shafa wani sinadari na bitamin C, sodiyam askobet, domin ya kwashe ragowar oksijin, amma ita ta fi yarda da jira, tunda shafawar ba ta warware maganar zaman launi. A ganina asibitin da ya yi wa mutum alkawarin faranta haƙora da sake ciko a rana ɗaya ya nuna cewa cika kujera ne a gabansa, kuma na ji daɗin cewa wannan likitar ba ta yi mini irin wannan alkawari ba.

A turamena akwai cikon azurfa tun na Kano. Sunan azurfa ne kawai ya bi shi, amma kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da jan ƙarfe. Gwaje-gwaje sun nuna cewa feroksaid yana ƙara yawan zaibar da take fita daga saman irin wannan ciko, kuma fitar tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin maganin da tsawon lokacin da ya ɗauka a kai. Abin da ke fita kaɗan ne, likitar kuma ba ta tsorata ni da shi ba, ba ta ce sai an cire cikon ba, domin ciko ne mai lafiya da ya daɗe yana aiki, kuma fasa shi haka kawai yana cin lafiyayyen haƙori yana kuma sakin zaibar da ta fi wadda ake gudu. Abin da ta yi shi ne ta nuna mini ramukan gidan robar da zan riƙa ɗiga magani a ciki, wato na haƙoran da suke bayyana idan mutum ya yi murmushi, ta ce na turame a bar su haka nan, tunda babu mai ganinsu. Ƙasashen duniya dai suna rage amfani da wannan ciko a ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba, amma waɗanda suke da shi a baki za su daɗe da shi, don haka ya kamata kowane mai sayar da maganin faranta haƙora ya riƙa tambaya a kansa.

Inda na fi samun ilimi shi ne maganar siminti, kuma na same shi ne sanadiyyar gwaggona, wadda ta zo Umra ta sauka wurinmu. Ta ga yadda haƙorana suka fara haske, ta ce ita ma a kai ta, domin goro ya rine nata. Tana da haƙorin Makka a gefen hagu na sama, wanda aka sa mata shekaru masu yawa da suka wuce. Likitar ta gaishe ta da Hausa, ta tambaye ta gajiyar ɗawafi, sannan ta busar da wurin da iska, ta ɗora yatsa a kan haƙorin zinariyar ta danna. Ina tsaye kusa na ga wasu 'yan ƙananan kumfa sun fito daga gefensa ta wajen dasashi, ta saki, ta sake dannawa, suka sake fitowa. Ta ce: "Hajiya, wannan haƙorin naki ya saki. Simintin da ke ciki ya zaizaye, yawu ne yake shiga yana fita." Gwaggo ta ce: "'Yar nan, ai bai taɓa yi mini ciwo ba." Likitar ta ce ruɓar da ke ƙarƙashin hula haka take, ba ta ciwo sai ta kusa kai wa jijiya, kuma da a ce an sa mata maganin faranta haƙora, da a cikin wannan ramin zai taru ya kwana.

Bayanin da ta yi mana shi ne cewa kowace hula, ta zinariya ce ko ta tangaran, siminti ne yake riƙe ta, kuma simintin iri-iri ne. Akwai zinki fosfet, wanda shi ne mafi daɗewa, ana amfani da shi tun ƙarni na 19. Akwai gilas ayonoma, wanda Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1970, yana da falalar manne wa haƙori da kansa da kuma sakin fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa. Waɗannan biyun da ruwa da asid ake kwaɓa su, saboda haka suna narkewa a hankali a cikin yawu, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa feroksaid yana ƙara musu zaizayewa da kaushi, musamman idan maganin yana da tsami. Simintin roba ya fi su juriya. A hular da aka auna da bakin mai ita, ratar da ke tsakanin bakin hula da haƙori ƙarama ce ƙwarai, likitoci suna son kada ta wuce maikiron 120, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas na milimita, don haka simintin da magani zai taɓa ɗan siririn layi ne, kuma makonni biyu na magani mai sauƙi ba za su tuge ta ba. Haƙorin Makka kuwa sau da yawa ba a auna shi da bakin mai shi, ana zaɓar wanda ya yi kusa da girman haƙorin ne a matse shi, a cike duk ratar da ta saura da siminti. Siminti mai kauri da ke fili kamar haka shi ne yawu yake ci shekara da shekaru, shi ne kuma feroksaid zai samu a buɗe. Zinariyar kanta ba abin da maganin yake yi mata.

Wannan ne ya sa nake jin nauyin maganar a zuciyata, domin na san yadda alhazai da masu Umra suke shiga kantunan magani a Makka da Madina da Jidda su sayi kayan faranta haƙora a matsayin tsaraba, kuma da yawansu a wannan tafiyar ce suka sa sabon haƙorin Makka. Mutum zai koma gida ya riƙa manna ledar magani a kan hular da bakinta bai zauna daidai ba, babu wanda ya duba masa. Gwaggo dai ba a sa mata feroksaid ba ko ɗigo. An yi mata wankin haƙori da gogewa, wanda ya ɗauke mafi yawan rinin goron, domin a saman haƙori yake. An cire tsohuwar hular, aka samu ruɓa a gindin haƙorin, aka kankare aka cike da gilas ayonoma. Da aka tambaye ta ko tana son a bar haƙorin haka, ta ce ita tana son abinta, shaidar hajjinta ce, likitar kuwa ba ta yi musu da ita ba, ta ɗauki awon haƙorin aka ƙera mata wata hular daidai bakinta. Wannan girmamawar ta ƙara wa asibitin daraja a idona.

Gilas ayonoma ba hula kawai ake mannawa da shi ba, ana cike wuyan haƙori da shi a inda dasashi ya janye, kuma irin wannan cikon yana daidai wurin da magani yake taruwa a gidan roba, saboda haka shi ne ya fi kowane ciko fuskantar zaizayewa. Mai irinsa ya kamata a duba masa bayan an gama. Haka kuma wanda yake tsakiyar aiki, aka sa masa hular wucin gadi ta roba kafin ta dindindin ta fito, ya dakata, domin an ga irin hular da aka yi da robar metakirilet tana rinewa ta koma ruwan lemo idan ta haɗu da kabamaid feroksaid, simintin wucin gadin ma da gangan aka yi shi mai rauni. Tangaran da zakoniya, wani farin abu mai tauri da ake ƙera hula da shi, kuwa ba sa canza launi ko kaɗan. Ina da hular tangaran a haƙori na biyar a sama, likitar ta faɗa mini tun farko cewa za ta fi maƙwabtanta duhu, haka kuwa aka yi, na kuma bar ta domin sai na yi dariya sosai take bayyana kuma sake ta ya fi dukan aikin tsada. Wanda hularsa take a haƙorin gaba ya yi wannan lissafin tun kafin ya fara.

Aikin da aka yi mini shi ne na gida. An ɗauki awon haƙorana aka ƙera gidan roba mai laushi, an yanke bakinsa yana bin layin dasashi, aka ba ni kabamaid mai kashi 10 a cikin sirinji, ina ɗiga ƙaramin ɗigo a kowane rami in kwana da shi. Gidan robar ya zauna daram, magani bai riƙa tsiyayowa ba, dasashina kuma bai ƙone ba. A kwanakin farko haƙoran ƙasa sun riƙa zogi idan na sha ruwan sanyi, wanda a zafin Jidda ba ƙaramar takura ba ce, sai likitar ta ce in riƙa tsallake dare ɗaya, in kuma sa man goge baki mai fotasiyam naitiret, zogin kuwa ya lafa. Launin ya tashi daga A3 zuwa A1. Cikon nan biyu na gaba suka tsaya a launinsu na da, suka fito kamar yadda ta faɗa, kuma makonnin jiran nan su ne mafi rashin daɗi a dukan aikin, domin haƙora sun yi haske amma tabo biyu suna tsakiyarsu. Da lokaci ya cika ta cire su ta sake sababbi, ta jera launi biyu a kowanne, mai ɗan duhu a wajen dasashi da mai haske a wajen baki, ta goge su har harshe ba ya jin inda ciko ya ƙare. Aikin hannunta ba ni da abin cewa a kansa.

Inda asibitin ya gaza shi ne a wajen ɗakin likita. Farashin da ke tallan na faranta haƙora ne kaɗai, babu ko layi ɗaya da ya ambaci cewa mai ciko a gaba zai sake biyan kuɗin sabon ciko, kuma a wurina kuɗin hoto da toshe tsaga da sake cikon biyu ya zarce na farantawar kanta. Inshorar aiki ba ta ɗaukar abin da ta kira kwalliya, ga harajin kashi 15 cikin 100 da mu baƙi masu igama, wato takardar izinin zama, muke biya a kai. Da likitar ba ta yi mini bayani da bakinta ba, da sai bayan an gama zan gano haka, domin takardar amincewar da aka ba ni in sa hannu ta yi maganar zogi da ƙunar dasashi, amma maganar ciko da hula jimla ɗaya ce a ƙasa da ƙananan haruffa. Ma'aikatan teburin gaba kuma sun matsa mini lamba a kan in zaɓi zaman da ake haska fitila, wanda ya fi tsada, alhali bincike bai nuna cewa fitilar tana ƙara wani farin da zai daɗe ba, abin da ta fi yi shi ne busar da haƙori ya yi kyau a hoton da za a ɗauka a wannan daren. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a kan teburin nasu ana sayar da man goge baki na gawayi, bayan likitarsu ta gama gargaɗina cewa irin waɗannan masu kaushi suna kankare ƙyallin farin ciko da na tangaran. Ga kuma jinkiri, domin alkawarin bayan Isha'i yakan kai mutum dare sosai kafin a kira shi.

Duk da haka, idan aka kwatanta da sauran hanyoyin da mutane suke bi, bambancin yana da yawa. Ledojin faranta haƙora da ake mannawa, waɗanda suka yaɗu tun da Crest Whitestrips ta fito a farkon shekarun 2000, suna aiki ga mai lafiyayyun haƙora jerarru, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ba wanda zai duba maka gefen cikonka kafin ka manna. Tarayyar Turai tun 2011 ta ƙayyade cewa abin da ya wuce kashi 0.1 na haidurojin feroksaid, har zuwa kashi 6, sai ta hannun likitan haƙori, shi zai fara sa wa mutum, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma hikimar wannan doka ita ce a duba baki kafin magani ya shiga. Abin da ya fi haɗari shi ne kwalaben da ake tallatawa a WhatsApp ba tare da an rubuta ƙarfinsu ko abin da ke ciki ba, da kuma haɗin lemon tsami da garin bekin soda da ake koya wa mata. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 5.5, lemon tsami kuwa ya yi ƙasa da haka sosai, kuma siminti irin zinki fosfet da gilas ayonoma ba su da juriyar asid. Mai irin wannan haɗin yana cin haƙorinsa da simintin hularsa a lokaci ɗaya.

Saboda haka ina ba da shawarar irin wannan asibiti ga wanda yake da ciko ko hula, da sharaɗin ya nemi ganin likita kafin ya biya kuɗin wani rangwame, ya tambaye shi wane irin ciko ne a bakinsa da wane siminti aka manna hularsa, ya kuma sa a rubuta masa jimlar kuɗin har da abin da za a sake. Wanda yake da haƙori ɗaya da ya yi duhu bayan an cire masa jijiya kuwa aikinsa dabam ne, daga ciki ake sa masa magani, kuma dole ne a fara toshe bakin hanyar jijiyar da siminti mai kaurin kamar milimita 2, domin idan magani ya gangara yana iya sa saiwar ta fara cinyewa daga wuya.

Akwai wata magana da ta rage wadda ban taɓa ganin wani talla ya ambata ba. Farin da aka samu ba ya dawwama, cikin shekara ɗaya zuwa uku haƙori yakan fara komawa, musamman ga mu da ba ma rabuwa da shayi da gahawa. Sabon cikon da aka zaɓa da launin A1 kuwa yana nan yadda yake, don haka nan gaba matsalar juyawa za ta yi, ciko ya fi haƙori haske. Maganin haka shi ne a ajiye gidan robar, a riƙa sabuntawa da dare ɗaya ko biyu idan an ga launi ya fara sauka, da magani mai sauƙi, domin kowace sabuntawa tana sake ratsawa ta kan cikon da simintin. Likitar ta sa a rubuta a fayil ɗina cewa duk lokacin da na zo wankin haƙori a bi gefen cikon biyu da bakin hular da wannan siririn ƙarfen kafin a sayar mini da sabon sirinji, kuma idan an samu tsaga ko ɗaya, gyara ne zai fara zuwa kafin magani.